Ciwon da Ya Sauke Mini Goyo

Ciwon ya fara mini ne daidai inda kan yarinyar ke kwanciya in na goya ta. Akwai wani ɗan tudun ƙashi a gindin wuya, wanda ke fitowa tsakanin kafaɗu in mutum ya sunkuyar da kai, to nan ne. Saboda haka tun kafin a tambayi kowa, kowa ya yanke hukunci cewa goyo ne. Yarinyar ma ta ba su hujja, don Allah ya yi ta da ƙiba da ƙaton kai, kuma ba ta barci sai ta kafa goshinta a wurin ta danna.

Ita ce 'yata ta fari. Ba zan rubuta sunanta ba, don ban taɓa faɗinsa da bakina ba, hannun ma bai saba ba. Mu Fulani ne da kakanninmu suka ajiye sanda suka shigo gari. Shanun sun tafi, Fulatancin ya ragu sai na gaisuwa da na zagi, amma kunya ba ta je ko'ina ba. A gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta tambayar ina yake. In ya faɗi ya fasa baki, sai dai wata ta ɗauka. Nono ma in za ki ba shi, sai kin haɗe rai kamar an sa ki dole. Wanda bai san mu ba zai ce ba ma son 'ya'yanmu. Muna son su ƙwarai, bakin faɗi ne aka hana mu.

A Gwallaga muke zaune lokacin, ciki da falo a wani gidan haya. Maigidana yana da rumfar atamfa a Kasuwar Muda Lawal, ya fita da safe sai magariba. Ɗan goggona ne, uwarsa yayar mahaifina ce, kuma ita ta ƙarasa riƙona bayan rasuwar mahaifiyata. Ke nan Goggo ce surukata, ita ce kuma uwata, in ta ɓata mini rai ba ni da inda zan kai ƙara sai wurinta. Tana zaune a Fadaman Mada tare da autarta, wadda sa'ata ce, mai baki kamar reza. Tun muna yara muke tsokanar juna, da na auri yayanta sai tsokanar ta samu lasisi, ta koma kirana Adda, wato yaya da Fulatanci, da wata irin murya ta ladabin ƙarya.

Babu abin da ba a yi wa wuyan nan ba. An shafa man zafi har fata ta saluɓe, an gasa da ruwan zafi, an canza matashi. Goggo ta turo wanzami ya kafa mini ƙaho, ya nuna mini baƙin jinin da ya fito ya ce ga ciwon nan ya fita. Ciwon bai ji wannan labari ba. Kullum da la'asar zazzaɓi ya rufe ni, in tashi da safe rigata sharkaf da gumi, ga rama. Aka ce ai shayarwa ce, 'yar lukutar nan ce ke tsotse ni. Mun je wani ƙaramin asibitin unguwa an ɗauki hoton wuyan, aka ɗaga shi a haske aka ce lafiya lau. Sai daga baya na ji cewa wurin nan wurin ɓuya ne, kafaɗu ke tare shi a hoto, ga wuya a sama ga baya a ƙasa, shi yana tsakiya ba a ganinsa.

Daga nan ƙaramin yatsana da na kusa da shi suka mutu, a hannu biyun. Cokali ya riƙa suɓuce mini. Ƙafafuna suka yi nauyi, dokin ƙofar da nake tsallakewa ido rufe ya fara kama ni. Wata safiya na sunkuya na ɗora yarinyar a baya, na ja zani, na kawo majanyi na ƙulla, ko kuwa na ɗauka na ƙulla. Ina miƙewa na ji nauyinta yana zamewa. Allah ya taimake ni a kan katifa muke, ta faɗa ta tsala ihu. Ko ƙwarzane ba ta yi ba. Amma maƙwabciyata ta gani, kafin azahar kuwa sai ga Goggo ta sauko daga keke mai ƙafa uku.

Ba ta yi faɗa ba. Ta ɗauki yarinyar ta juya ta ta duba, ta saɓa ta a baya, ta tattara 'yan rigunanta a leda.

"Bari ta yi kwana biyu a wurina, ki samu ki huta," in ji ta.

Yarinyar ba ta daɗe da fara rarrafe ba, nono ne abincinta. Na san haka, Goggo ta fi ni sani. Amma mece ce tawa a ciki? Na ce to.

A babban asibiti aka tura mu wani gari, inda suke da na'urar da ake zura mutum ciki kamar burodi a tanda. Da muka dawo da hotunan, likitan ƙashi ya zaunar da mu, ni da maigidana da Goggo. Dattijo ne mai sanyin magana. Ya nuna mana da bakin biro: ga ƙasusuwa biyu da ciwo ya ci, ɗaya ya fara rushewa, ga ruwan mugunya ya taru yana danne lakar da ke saukowa daga kai, ita ce ke kai saƙo hannu da ƙafa. In aka bari, ya ce, wata rana zan kwanta ban tashi ba. Sai an yi aiki an kwashe, an tokare wurin, sannan in sha magani mai tsawo.

"Wane irin ciwo ne, likita?" in ji maigidana.

"Tibi ne. Tarin fuka, amma na ƙashi."

Na ce, "Likita, ni fa ko tarin mura ban yi ba."

Ya yi murmushi ya ce sunan ne ke ruɗa mutane. Ƙwayar cutar ɗaya ce, amma tawa ba ta zauna a huhu ba, ta wuce ta maƙale a ƙashi. Sun duba ƙirjina da majinata, babu komai. Ba zan sa wa kowa ba. Sannan ya dube ni ya ce ya ga alamar ina shayarwa, ina jaririn? Maganin ba ya hana shayarwa, a kawo shi ya ci gaba da shan nononsa.

Na sunkuyar da ido, tun da kan ba ya sunkuyuwa. Goggo ce ta amsa.

"Tana wurina, likita. 'Yata ce."

Ya yi dariya ya ce madalla da kaka. Bai san an rufe magana ba ke nan. Goggo, cikin duk bayanin nan, kalma ɗaya ta ji. Tana budurwa a ruga ta yi jinyar wanta da tarin fuka, ta ga yadda ya yi ta aman jini har ya ƙare, ta ga ƙanwarsu ta bi shi. A wurinta tibi tibi ne, ko a ƙashi yake ko a farce.

Ranar aikin, ta gaba likitoci suka shiga, can ƙasan wuya kusa da ƙashin ƙirji. Suka yanko ɗan ƙashi daga ƙuguna suka cike gurbin, suka ɗaure da ƙarfe. Na farka da ciwo biyu maimakon ɗaya, murya a dishe kamar ta tsohon zakara, an kuma sa ni cikin wani abu na roba mai tauri da suke kira kwala, wanda ya tallafe haɓata ya sauko har ƙirji da baya. Ba dama, ba hagu, ba ƙasa. Silin ɗin ɗakin nan na san shi fiye da fuskar mijina.

Amma ba aikin ne ya fi ba ni wuya ba. Nono ne. Shi ba wanda ya gaya masa an ɗauke yarinyar. Ya cika ya yi tauri kamar dutse, ga roba ta danne shi, in jaririn wata ya yi kuka a can wani ɗaki sai in ji ya tsatso ya jiƙa ni har ciki. Wata nas da ke goge mini jiki, ba Bahaushiya ba ce, ta ɗaga rigar ta gani ta riƙe baki.

"Kai, madam! Yaro naka yana ina? Su kawo shi mana, wannan ciwo ba ya kama mutum."

Goggo na zaune a kan tabarma a gefen gado tana jan carbi. Na ji carbin ya tsaya. Na ce da nas ɗin, da 'yar muryata, an yaye ta. Ta dube ni, ta dubi nonon, ta yi ƙwafa ta ci gaba da aikinta. Da yamma Goggo ta samo ƙyalle ta ɗaure mini ƙirji ta ƙarƙashin robar, a hankali, tana yi mini sannu. Hannunta da taushi. Da muguwa ce da na samu wanda zan tsana, da abin ya zo mini da sauƙi.

Da aka sallame mu na koma Gwallaga, na tarar an yi mini gyara. An ware mini kofi da kwano da cokali, an ɗaura wa kofin jan zare don kada a yi kuskure. Maigidana ya koma falo da kwana, wai kada ya buge mini wuya. 'Yan dubiya suka yi ta zuwa da farko, sai dai daga bakin ƙofa. A ɗaga labule, a leƙo da rabin fuska.

"Sannu. Ya jiki?"

"Da sauƙi."

"Allah ya ƙara sauƙi."

A saki labule. Wata ma da gefen mayafi a hanci take yi mini sannun, tana yi kamar ƙaiƙayi take sosawa. Bayan 'yan makonni labulen ma ya huta. Maƙwabciyata ta hana 'ya'yanta wasa ta wajen tagata. In maigidana ya fita kasuwa, shi ke nan, sai ni da ƙarar keke da babura a titi, da maƙerin bayan gidanmu, da kiran salla daga masallatai uku da ba su taɓa haɗa baki ba. Da safe in haɗiyi ƙwayoyi manya-manya cikin ba komai, su juya mini ciki, su mai da fitsarina ja. Sai in kama bango in koyi tafiya daga gado zuwa ƙofa. Salla a zaune, da ishara. Na yi kaɗaici irin wanda ban san akwai shi a cikin gari ba, gida cike da mutane ina jin motsin kowa.

Maigidana kan biya ta Fadaman Mada in ya taso daga kasuwa. Na san ya ga yarinyar. Wani lokaci har ƙanshinta nake ji a rigarsa, ko kuwa zuciyata ce ke raya mini. Amma shi ma 'yar farinsa ce, shi ma ɗan gidan nan ne. Sai ya ajiye mini ledar lemo ya ce, "Goggo na gaishe ki. Kowa lafiya."

Kowa. In ya fita sai in zauna in yi ta tonon kalmar nan. Kowa ya ci abinci? Kowa ya fitar da haƙori? Kowa yana kuka da yamma yana neman wani?

Autar Goggo ce kaɗai ke shigowa har ciki ta zauna a bakin gado, ta ce ita tibi ma tsoron bakinta yake. Ita ce ke kawo mini labari, a cikin tsokana, tana kallon wani wuri.

"'Yar tsohuwa fa ta miƙe. Jiya ta taka daga turmi har gindin murhu, ta tuma da gindi. Ƙafa kamar ta wani mai atamfa da na sani."

Ni kuma in ce, "Ke dai ba kya gajiya da surutu," ina addu'a a zuci kada ta yi shiru.

Sau ɗaya na gwada. Wata Juma'a maigidana na shirin masallaci, na ce masa, kamar maganar ta faɗo ne kawai, "Likita fa ya ce ciwon nan ba ya kama mutum."

"Na faɗa mata."

"Me ta ce?"

"Ta ce likita ba shi da jika."

Ya gyara hularsa a madubi. Can ya ce, bai juyo ba, "Ko in sake yi mata magana?"

Har yau in na tuna raina na ɓaci. Mutum ya ga matarsa na bin bango, ya ga kofi da jan zare, ya san abin da ke cin ta, sannan ya miƙo mata tambayar da ya san ba ta da bakin amsawa. Shi da uwarsa, wa zai hana shi ya je ya ɗauko 'yarsa ya ce shi ya ga dama? So yake in ce e, ya je ya ce ni na ce. Na ce masa, "A kan me?" Ya ce shi ke nan, ya ɗauki dardumarsa.

Abin da na iya yi shi ne shiri. An manta majanyin a gidan, ni kuma ban tuna wa kowa ba. In na tabbata ba mai shigowa sai in ɗaura shi a jikin matashi in ƙulla, in kwance, in sake ƙullawa. Da farko yatsun ba sa jin magana, kamar na aro. A hankali suka fara dawowa, har ranar da na ƙulla na ja da ƙarfi bai kwance ba. A asibiti kuwa, ranar da na samu likitan shi kaɗai, na tambaye shi kai tsaye yaushe zan iya goyo. Bare ne, ba ruwansa da kunyarmu, shi ya sa bakina ya buɗe. Ya ce tulu a ka kam na yi ban kwana da shi har abada. Goyo kuwa in bari ƙashin ya kama sosai, amma ba abin da zai hana in rungume ta a cinya tun yau. Na ce na gode. Na fito na hau keke na koma ɗakina.

An cire kwalar bayan wasu watanni. Wuyan ya fito siriri, ga tabo, ga shi a sandare kamar taɓarya. Daga baya ya ɗan saki, amma a lokacin in ina son ganin abin da ke gefe ko baya, sai na juya gaba ɗayana. Maganin kuwa sai da ya cinye kusan shekara. Ranar da likita ya ce ya isa, ciwo ya mutu, maigidana ya je ya shaida wa Goggo. Wannan karon ta yarda, tun da an daina shan magani. Ta ce a yi sadaka.

Aka soya waina, aka dama kunu. Matan dangi da na unguwa suka cika tsakar gida, har da masu toshe hanci, yau ga su suna shan kunu a gefena. Aka zaunar da ni a kujerar roba a inuwa, bayana na kallon zaure. Ban ga shigowarsu ba, muryar Goggo na ji tana sallama, sai ga ta ta zagayo gabana da goyo.

Ta sauke ta. Ba jaririyar da aka ɗauka ba ce. Ƙibar ta zube, ta yi tsawo, an yi mata kitso, ga 'yan takalma masu ƙara. Abin da ya kamata in yi shi ne in kawar da kai in kama hira da ta kusa da ni. Kan bai kawu ba. Sai na sauke ido a kan ƙafafunta.

"Je ki gai da Adda," in ji Goggo, tana tura ta.

Ta yi taku biyu ta tsaya. Ta dubi fuskata, ta dubi tabon wuyana, ta daɗe tana dubansa. Sai ta juya da gudu ta cusa kai cikin zanin Goggo tana cewa, "Inna, Inna." Mata suka kwashe da dariya. Ni ma na yi, don in ban yi ba za a lura.

Aka ci aka sha, aka yi addu'a. Da la'asar ta yi sanyi Goggo ta miƙe tana gyara mayafi, yarinyar na riƙe da gefen zaninta. Sai ta dube ni a gaban kowa, fuskarta a sake.

"To, ga ki kin warke, alhamdu lillahi. Ga 'yarki fa. Ta saba da ni, kuma ko ba ciwo yanzu ai lokacin yaye ne, da ma wurina za ta zo. Amma in kin ce a bar ta, a bar ta."

Mata suka juyo. Duk suna kallona da murmushi, don kowa ya san amsar, kamar yadda ake sanin amsar sallama. Shekara guda ina shirya abin da zan faɗa. Na tsara shi a gado, na tsara shi ina bin bango, kalma uku ce kacal, a bar ta. Na buɗe baki, na ji muryata ta fito sarai, ba ko dishewa.

"Ai taki ce, Goggo."

"Allah ya yi miki albarka," in ji wata tsohuwa. Wata ta ce irin gidan ke nan, ba a koya musu. Goggo ta sunkuya ta saɓa yarinyar a baya, ta ƙulla, ta yi sallama, ta bi ta gefena ta nufi zaure.

Duk uwar ɗan fari ta iya satar kallo. Kina cikin hira, ki ɗan karkata wuya ta kan kafaɗa kamar kina korar ƙuda, ki gani, ki dawo, ba wanda ya sani. Da wannan ake rayuwa. Ni kuwa ƙarfe ya karɓe mini shi. Ina jin takun Goggo yana nisa a bayana, ina jin yarinyar na yi mata gwaranci. Na ce a raina ko me za a ce a ce. Na dafa hannun kujera na miƙe, kujerar ta yi ƙara a siminti, na juya gaba ɗayana a gaban matan nan duka. Zauren ba kowa.

Na tsaya a haka. Sai autar Goggo ta taso da sauri, ta sha gabana, ta ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Bayi za ki? Ku kawo buta wa Adda mana, kun bar ta a tsaye."

Na ce e. Na karɓi butar na shiga na jawo ƙofa, na riƙa zuba ruwan a ƙasa kaɗan-kaɗan don a ji ƙararsa, na yi kukana. Yarinyar kuwa a Fadaman Mada ta girma, daga can kuma aka kai ta ɗakin mijinta.